Bakin Kogi ko Kurmin Kagoro? Shawara ga Mai Son Fara Kallon Tsuntsaye a Kaduna

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutu. Ya zo gaishe ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya tarar ina goge madubin hangen nesa da tsumma. Ya ce, "Kawu, wai har yanzu kana nan da bin tsuntsayen nan naka?" Na ce ina nan daram. Ya yi ta 'yan kame-kame, can dai ya fito da maganar: shi ma abin ya fara shiga ransa. Zai samu hutun mako guda a watan Disamba, kuma ya ji ana cewa duk faɗin jihar Kaduna babu wurin tsuntsaye kamar Kagoro. To, ya tattara 'yan kuɗinsa ya nufi can, ko kuwa ya riƙa bi na bakin kogi da asuba? Na ba shi amsa a gurguje, na ga bai gamsu ba. Ga cikakkiyar amsar, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Da shekaru 20 baya aka tambaye ni, da Kamuku zan fara ambata. Wannan gandun daji na Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma irin dajin da burtu ke takawa cikinsa da ƙasaita ne. Amma kowa a garin nan ya san yadda 'yan bindiga suka addabi yankin. An yi sulhu, hanya ta ɗan lafa, duk da haka ba zan tura ɗan kowa cikin wancan daji da madubi rataye a wuya ba, balle nawa. Haka dajin Afaka da ke nan gefen Mando, tun da aka sace ɗaliban kwalejin gandun daji a 2021 na cire shi daga lissafi. Saura biyu ke nan: kogin da ya ratsa mana gari, da kurmin da ke gindin tsaunukan Kagoro.

Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratso ta tsakiyar garin, ya gangara ya faɗa Neja. Mu da muke tsallaka shi kullum a mota mun daina ganinsa, sai in ya yi ambaliya. Amma daga watan Nuwamba, idan ruwa ya ja, duwatsu da tudun yashi suka fito, masu lambu suka sauka fadama da injinan ban-ruwa, wurin sai ya zama wata kasuwa ta tsuntsaye. Ta Gamji za ka iya sauka, inda tsohuwar gadar nan ta ƙarfe da aka ciro daga Zungeru take, ko ta Kabala, ko Unguwar Rimi, ko ka haura Malali da Rafin Guza. Ni na fi son in idar da sallar asuba in taka, in isa gari yana fara wayewa, sanyi na cizon kunne.

Abin da za ka fara gani balbelu ne, sun taso daga makwanci layi-layi za su kiwo. Sai zalɓe a tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, wuya a tanƙware, yana jiran kifi ya yi kuskure. Akwai wani ɗan tsuntsu mai fari da baƙi, mai dogon baki, da zai tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike ba gaba ba baya, sai ya dunguro cikin ruwa ya fito da ɗan kifi. In ka ga wannan sau ɗaya da idonka, to ka kamu. Zakaran ƙeƙuwa na kan yashi yana tona maka asiri da ihu tun kana nesa. Shirwa na shawagi. Ragon maza na cikin ciyawa yana wannan kuka nasa mai kama da ana tuttular da ruwa daga gora. A bishiyoyin gefe ga cilakowa, ga hasbiya, ga kurciya iri-iri, wani lokaci garken tsirya ya wuce da hayaniya. Inda gaɓar kogi ta yi tsayi kuma ƙasar ta yi laushi, ka duba ramuka jere: gidajen wasu korayen tsuntsaye ne masu jan maƙogwaro, masu cafke ƙudan zuma a sama, kuma da rani suke haƙa su yi ƙwai.

Sannan ga baƙi. Wannan ne abin da yawancin mutanen gari ba su sani ba. Ɗan tsuntsun nan mai launin ƙasa da farin ciki da ke tafiya a bakin ruwa yana ta girgiza bindi, ba ɗan nan ba ne. A Turai da arewacin Asiya yake ƙyanƙyasa, hunturu ne ya koro shi. Haka wani mai rawayan ciki da ke bin sawun shanu da kwamin kayan lambu, nauyinsa wajen giram 20 ne kacal, amma ya ƙetaro teku da Sahara kafin ya sauka a lambun latas na Malali. Suna isowa daga wajen Satumba da Oktoba, su juya gida wajen Maris da Afrilu. Wato hutun Disamba ya faɗo daidai lokacin da gida ya cika da baƙi.

Babbar fa'idar kogi ita ce fili. Tsuntsu zai tsaya maka. Kana iya shafe minti 10 kana kallon zalɓe ɗaya, ka duba bakinsa, ka duba ƙafarsa, ka buɗe littafi, ka ɗago ka tarar yana nan. Ga mai koyo babu abin da ya kai wannan. Misali, mu Hausawa duk farin tsuntsu mai dogon wuya balbela muke ce masa, mu wuce. A bakin kogi ne za ka gane ba haka ba ne. Wadda ke bin shanu gajera ce, bakinta rawaya. Akwai wata siririya mai baƙin baki da baƙar ƙafa, amma yatsunta rawaya kamar ta taka fenti, ita kuwa cikin ruwa take farauta. Akwai kuma babba da ta kusa tsawon zalɓe. Ranar da idonka ya raba waɗannan uku ba tare da an nuna maka ba, ranar ka shiga makarantar. Kuma makarantar tana buƙatar maimaici, kamar hadda. Kogi yana nan gobe, yana nan jibi, kuɗin Keke Napep kawai zai ci maka, wani ma da ƙafa zai isa.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Akwai shara. Leda ta maƙale a kowane reshe da ambaliya ta taɓa, wasu wuraren ruwan kwata na kwarara ciki da wari. Masu ɗiban yashi da masu wanki suna fitowa da wuri, kafin ƙarfe 9 hayaniya ta kori masu kunya cikin tsuntsayen. Yara da danƙo za su biyo ka, su ɗauka kai ma maharbi ne, har su riƙa nuna maka wanda ya fi nama. Bayan 'yan watanni kuma sabbin fuskoki za su yi ƙaranci, ka koma gaisawa da waɗanda ka sani. Ni hakan bai dame ni ba, amma matashi mai zafin jini zai iya ƙosawa. In damina ta yi nisa kuwa, Agusta zuwa Satumba, a bar kogi ya yi sha'aninsa. Mutanen Kigo Road, da ambaliya ta saba yi wa ɓarna, sun fi kowa sanin dalili.

Kagoro wata duniya ce daban. Tana ƙaramar hukumar Kaura, kusa da Kafanchan, tafiyar wajen kilomita 200 daga Kaduna in ka bi ta Kachia da Zonkwa, ka ratsa ƙasar citta. Abin da ya sa wurin ya yi suna shi ne zamansa a gindin tsaunukan da suka haɗe da na Jos ta kudu maso yamma. Iskar damina da ke tasowa daga teku in ta bugi tsaunukan sai ta sauke ruwa mai yawa, don haka a cikin kwaruruka aka samu kurmi mai duhu, dogayen itatuwa da igiyoyi, irin wanda sai ka gangara kudu sosai za ka sake gani. Tsuntsayen kurmin kudu sun samu mafaka a nan, kewaye da dajin da ba nasu ba. Shi ya sa masana suka sa gandun dajin Nindam da ke yankin, da kewayen Kagoro, cikin jerin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye a Najeriya. A ƙasar da ke da nau'in tsuntsaye sama da 900, ba ƙaramin abu ba ne ɗan arewa ya samu wani yanki na kurmi a cikin jiharsa.

Kuma abin da ke ciki ya isa a yi masa tafiya. Akwai wani babban tsuntsu mai launin shuni da ya yi duhu, goshinsa rawaya, yana gudu a kan reshe kamar kurege. In ya buɗe fiffike ya tsallaka daga wata bishiya zuwa wata, sai ka ga ja jawur kamar an kunna wuta. Akwai ɗan'uwansa kore mai tukku. Akwai masu kwaikwayon kukan wasu, su sa ka yi ta neman tsuntsaye uku alhali ɗaya ne ke maka wasa da hankali.

To amma ga inda gizo ke saƙar. A kurmi kunne ne ke aiki, ido yana biye. Zuwana na farko na shiga da zumuɗi, ina ganin na iya, tunda na shekara biyu ina bin kogi. Tun hantsi har azahar ina ɗage da kai, wuya ya ƙage, kuka ta ko'ina, amma ganye ya rufe komai. Ka ji abu a saman kanka, kafin ka ɗaga madubi sai reshe kawai ke motsi. Waɗanda na gani da kyau ranar ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba. Sauran kuwa ƙananan tsuntsaye ne masu launin ganye-ganye da ƙasa-ƙasa, dangi guda, kusan kamarsu ɗaya, ba ka raba su sai da murya. Wanda ya cece ni wani dattijo ne manomi da aka haɗa ni da shi, tsohon maharbi. Ya ce, "Malam, ka cika tafiya. Zauna." Muka zauna a gindin wata bishiya mai 'ya'ya kusa da rafi, muka yi tsit. Kafin rabin sa'a su da kansu suka riƙa zuwa. Shi yana jin kuka zai nuna min da leɓe inda zan duba, ya faɗi sunan da harshensu. Ba shi da madubi, ba shi da littafi, amma da babu shi da na dawo Kaduna da ciwon wuya kawai.

Wannan ya kawo maganar kuɗi da shiri. Kagoro ba wurin je-ka-dawo ba ne, domin tsuntsu na safiya ne, wanda ya baro Kaduna da asuba zai isa an tashi kasuwa. Dole ka kwana aƙalla biyu, a Kagoro ko Kafanchan. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci, ga ɗan acaɓa da zai kai ka bakin daji, ga abin da za ka sallami ɗan rakiya. Kuma ba a faɗa wa dajin mutane haka kawai. Ka fara gaida mai unguwa ko dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi ma'aikatan gandun daji in wurin na hukuma ne. Kudancin Kaduna ya sha fama da tashe-tashen hankula, baƙon da aka gani yana leƙe-leƙe a bayan gari ba zai rasa masu tambaya ba, kuma suna da gaskiya. Kafin ka tashi ka kira wanda ke zaune can ya faɗa maka yadda gari ya kwana, ka kuma guji tafiyar dare. Wani abin takaici shi ne kurmin kansa yana raguwa. Noma da saran katako da itacen girki sun ci gefunansa, inda ka bari da duhu wata shekarar ka dawo ka tarar da gona.

Lokaci ma ya raba su. Kurmi ya fi daɗi a farkon damina, Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da tsuntsaye ke neman aure, kowa na rera waƙa yana bayyana kansa. Da hunturu sukan yi shiru-shiru, hazo kuma ya rage haske. Wato watan da kogi ke kan ganiyarsa shi ne watan da kurmi ya fi rowa. Sannan duk wanda zai je ƙarshen Disamba ya tuna da bikin Afan da mutanen Kagoro ke yi ranar 1 ga Janairu. Biki ne mai kyau, ya cancanci a gani, amma gari kan cika, masauki ya yi wuya, kuma ba yanayin zama shiru a gindin bishiya ba ne. Ribar da Kagoro ke da ita ko tsuntsaye sun ƙi ka ita ce tsaunin kansa da kuma magangarar ruwa ta Matsirga a gefen Kafanchan. Ba za ka ce ka yi asarar kuɗin mota ba.

Damina a nan gida ma ba ta rasa nata, ko da kogi ya cika. Shamuwa za ta iso da ruwan farko, kamar yadda kakanninmu suka sani tun kafin a rubuta a littafi cewa da rani can kudancin Afirka take tafiya. A gonakin bayan gari, wasu 'yan tsuntsaye da suka yi rani da launin gwara sai mazansu su rikiɗe su koma ja da baƙi, zalaidu ya fito da dogon bindinsa. Wannan duk ba sai an je ko'ina ba.

Kayan aiki kuwa, madubi ɗaya ya isa duka biyun in an zaɓa da kyau. Za ka ga an rubuta lamba a jikinsa, kamar 8x42 ko 10x50. Ta farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita, wanda shi ke tara haske. Sabon shiga yakan ruga wa babbar lamba, alhali in kusantowa ta yi yawa hannu na rawa hoton na rawa, filin da kake gani kuma ya ƙuntata. A kogi 10 ba laifi. A kurmi, inda duhu ne kuma tsuntsu ba ya jira, 8x42 ya fi. In na gwanjo za ka saya, ka leƙa abu mai nisa da ido biyu, in ka ga ya rabu biyu ko kanka ya fara sarawa, ajiye musu kayansu. Wayar hannu za ta ɗan yi maka hoton zalɓe a kan dutse, amma a kurmi ganye kawai za ta ɗauko. Manhajar Merlin na taimakawa wajen gane tsuntsu, sai dai ka sauke bayanan yankinmu tun kana gida. In ka ɗan ƙware, akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015 ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos, inda 'yan sa-kai ke tura abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Hankaka da gwaran unguwarku ma ana so, ba sai abin mamaki ba.

Wani gargaɗi da ya fi shafar cikin gari: Kaduna garin sojoji ne. Na taɓa tsayawa kusa da wata gada ina bin shirwa da madubi, ban ankara ba sai ga wani jami'in tsaro a kaina. Na yi bayani har na gaji, shi dai bai ga yadda za a yi magidanci da furfura ya bar barcin safe don kallon shirwa ba. Sai da na buɗe masa littafin da nake rubutu, na miƙa masa madubin ya leƙa da kansa, sannan ya yi dariya ya ce in ƙara gaba. Tun daga ranar ba na ɗaga madubi wajen bariki, ko gada, ko gidan mutane, ko inda mata ke wanki. Masu lambu kuwa ina fara yi musu sannu da aiki. Yanzu su ke ce min, "Alhaji, jiya wani ya sauka nan, ba mu taɓa ganin irinsa ba."

Akwai tsuntsun da da wuya ka gani a ko'ina cikin biyun, kuma rashinsa na ci min rai. Muna yara ungulu ta fi kaji yawa a mayanka da bayan kasuwa, har korarta ake yi. Yau yaron da aka haifa a garin nan zai iya girma bai san ta ba sai a karin magana. Guba da masu sayen sassan jikinta don tsibbu sun gama da ita, tun 2015 aka sa ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka ma da wuya ka gan ta, sai dai a gidan wani mai hali, an yanke mata fiffike.

To wa ya kamata ya zaɓi Kagoro? Wanda ya riga ya san tsuntsayen gida da ido da kunne, har in ya ji baƙon kuka zai san baƙo ne. Sai wanda ya samu tafiya tare da gwani. Sai kuma ɗan Kafanchan ko Zonkwa, wanda shi kurmin ne bakin koginsa, ba shi da dalilin zuwa Malali. Mai son ɗaukar hoto, da mai son fita da iyali, da mai ƙaramin aljihu, da duk wanda bai taɓa riƙe madubi ba, kogi ne nasu. In mutum na son ya ji ya yi tafiya ko yaya, Zariya na nan kusa, ya tashi da sassafe ya zaga madatsar ruwan Kubanni a Samaru, inda akan dace da kirinjijiya da sauran tsuntsayen ruwa, ya dawo ya ci abincin rana a gida.

Abin da na ce wa ɗan ƙanwata shi ne ya ba ni safiya biyar cikin bakwai ɗin nan, kuɗin motar Kagoro ya ƙara a kan na madubi ya sayi mai kyau, in Allah ya kai mu Mayu mu tafi tare, in nemo dattijon nan in yana raye. Ya ɓata rai kaɗan, ya ce shi fa so yake ya ga abin da ba kowa ya gani ba. Ranar farko ya makara. Rana ta biyu ya riga ni fitowa, da rigar sanyi har biyu. A ta uku muna tsaye a Kabala ya kama hannun rigata, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Kawu, waccan ba irin ta shanu ba ce. Dubi ƙafarta, bari ta ɗaga." Muka jira ta ɗaga.